Jerin Baƙin da Ango Ya Kulle

"Oga, sunanka ba ya ciki," in ji mai gadin zauren biki a Jabi, yana nuna masa fuskar waya.

Ango ya tsaya cikin babbar riga, gumi na bin ƙeyarsa. Shi da kansa ya rubuta manhajar tantance baƙi. A sana'arsu ta rubuta manhaja, ana iya fara jeri ba komai a ciki, a riƙa ƙara suna a hankali. Ana kuma iya zuba sunayen tun farko a kulle, yadda ba mai ƙarawa. Ya zaɓi kullewa saboda mahaifiyarsa, wadda kullum sai ta tuno wata ƙawa a Gwagwalada da biki ba zai yiwu ba sai da ita. "Umma, na'ura ce ta ƙi," yakan ce, yana danne dariya.

Ya sa kowa, har mai hoto. Kansa kawai ya manta.

"Ni ne angon fa."

"Kai ka ce ko ango ne, in babu suna kada ya wuce."

Ango ya karɓi wayar, ya gwada ƙara sunansa. Manhajar ta ƙi, daidai yadda ya gina ta.

Sai ga Umma da ƙawayen Gwagwalada, kowacce da kular abinci a ka, suna shigewa ta ƙofar kicin. Ta dube shi sama da ƙasa, ta cire masa hula, ta ɗora masa kular dambu.

"Biyo bayanmu, ɗan nan. Ta nan ba a tambayar suna."