Wayar da Halidu Ya Ja Bayan Dijonktar

Tun da hantsi Halidu yake durƙushe gaban injin wanke faranti, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Gidan abincin na yayarsa Habsatu ne, ɗan wuri a unguwar Talaje da ta buɗe bayan rasuwar mijinta. Ita ke girki, shi ke kula da baƙi da duk abin da ke aiki da kuran, wato wutar lantarki. Ranar kuwa ma'aikatan wani ofis da ke taro za su ci abincin rana a wurin, kuma shi ya yi ta zarya har suka yarda. Ga faranti da kofunan safe jibge har bakin taga.

Injin yana jan ruwa lafiya lau, amma in ya zo watsawa sai ya tsaya yana gurnani, faranti su fito da maiƙonsu. Halidu ya duba bidiyo a salularsa, ya ji ana cewa irin wannan matsala daga pampon da ke juya ruwa take. Ya zare wayar injin daga bango, ya kwance murfin ƙasa, ya tarar da gutsuren kofi da ƙashin kaza sun maƙale a farfela. Ya ciro su. A gindin moter da ke juya farfelar ya ga tsatsa da danshi, ya sa tsumma ya goge.

Da ya kunna, ruwa ya fara watsuwa a ciki. Bai gama murmushi ba sai dijonktar ya faɗi, wato makunnin nan da ke yanke wuta da kansa in an samu matsala. Fanka ta tsaya, firji ya yi shiru. Ya ɗaga, ya sake faɗuwa. Wani wari kamar na ƙonanniyar roba ya cika ɗakin girkin.

Ya kira Tanimu, mai gyara a unguwar Wadata. Tanimu yana hanyar dawowa daga Doso. Ya saurara, ya ce da alama robar da ke tare ruwa ta cinye, ruwa na shiga moter. Sai yamma zai iso.

"Ka zare shi ka bar shi," in ji Tanimu. "Kada ka sake kunnawa."

Habsatu ta ji komai daga bakin murhu. Ta ce a bar shi, da hannu suke wankewa kafin zuwan inji, za ta kira maƙwabciyarta Yelwa ta kama musu. Halidu ya ce to. Amma ya kalli tulin farantin, ya kalli agogo, ya tuna yadda ya cika wa mutanen ofis baki. A ransa ya ce dijonktar ɗin ne ya cika tsoro, ai inji yana aiki.

Da Habsatu ta fita karɓar cefanen da aka kawo daga kasuwar Petit Marché, sai ya hau kujera ya ja waya daga saman dijonktar kai tsaye zuwa injin, yadda ya taɓa gani ana yi a unguwa. Injin ya tashi, wuta ba ta yanke ba. Bai gaya wa kowa ba, ya fita jera kujeru.

Ruwa ya fara silalowa daga ƙarƙashin injin yana bin siminti.

Habsatu ta dawo da kwanon tumatir a kai. Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar kullum. Ta ji ƙarar injin, ta ɗaga murya.

"Halidu, ashe ya tashi?"

"Ya tashi, Yaya," ya amsa daga waje.

Ta kai hannu ga mariƙin ƙarfen don ta duba ko farantin sun fita.

Ba ta yi ihu ba. Ƙarar faɗuwar kwano Halidu ya ji, sai tumatir suka gangaro har ƙafarsa. Ya leƙa, ya ganta a sandare, yatsunta sun damƙe mariƙin, jikinta na karkarwa. Ya yi tsalle ya danna dijonktar ƙasa. Fitila ta mutu, fanka ta tsaya, injin kuwa ya ci gaba da juyi, domin wayarsa ba ta bi ta nan ba. Kujerar da ya taka ɗazu ya riga ya fitar da ita waje. Kafin ya ɗauko ya hau ya fizge wayar, hannun Habsatu ya yi baƙi.

Shi da Yelwa suka sa ta a taksi. A likita aka ce zuciyarta ta tsaya tun a hanya.

Mutanen ofis sun iso sun tarar da jama'a cike a ƙofa, shinkafa na ƙonewa a tukunya babu mai saukewa. 'Ya'yanta mata suka taso daga lakwal da jakunkunan makaranta a baya, suna tambayar ina mamarsu. Ba wanda ya iya kallon idonsu.

Da yamma Tanimu ya buɗe moter ɗin. Ruwa ne fal a ciki, ga waya ta zube tana taɓa jikin ƙarfe. Ya mayar da murfin. A wurin zaman makoki masu gaisuwa suna ta ce wa Halidu ya yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Yana amsawa kansa a ƙasa. Har yau bai sake taka ƙofar ɗakin girkin nan ba.

Jama'a, in dijonktar ya faɗi, ranku yake karewa, kada ku tsallake shi don sauri. Duk injin da ruwa ya haɗu da wuta a cikinsa, a zare shi, a sanar da kowa a gidan, a jira mai gyara.