Magini Ya Kulle Ɗansa

Magini ya datse ƙofar ɗakin da kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Ƙwayoyin da ya tsinta a wandon ɗansa kuwa, ya watsa su a masai.

"Ba ka fita sai jininka ya wanke," in ji shi. "Ni ban haifi ɗan ƙwaya ba."

Uwar ta buɗe baki, ya galla mata harara, ta haɗiye maganarta.

Ya ja kujera bakin ƙofa, yana jiran ihu da dukan bango, yadda aka ce mashaya suna yi in abin ya yanke musu. Shiru kake ji. Yaron na cin abincinsa, yana sallarsa.

Washegari gumi ya karyo wa magini. Hamma ba iyaka, ƙasusuwa kamar ana sara. Hannun da ke ɗaga bulo ya kasa riƙe kofin shayi.

"Baba," in ji yaron ta bayan ƙofa, "jikin ya fara ko?"

Uwar ta durƙusa gaban magini.

"Malam, tun da ka faɗo daga kan gini ka rantse ba ka shan maganin asibiti. Ga ciwon baya, ga bakuna a gida. Ni ke aiken yaron ya sayo ƙwayoyin. A shayinka nake narkawa kowace safiya."

Magini ya daɗe yana kallon kofin. Sai ya ji bakinsa ya riga shi:

"Babu ko ɗaya da ta rage?"