Makullin Tsohon Saje

"Baba, ba ni makullin nan, don Allah."

Tsohon Saje ya jingina bayansa da ƙofar gida, ya tokare sandarsa a ƙasa. A waje motar sojoji tana ta danna hon. Ɗazu maƙwabcinsa ya yi masa murna, wai an ɗauki ɗaya daga cikin 'ya'yansa aikin soja.

"Auta, sai dai ka tsallake gawata," in ji shi. "Ƙuruciyata duka na ba aikin nan, me na tsira da shi? Ƙafa ɗaya. An haife ku ina daji. Uwarku ta cika ina daji."

"Baba, ka saurare ni..."

"Rufe min baki! Ba ka ga yayarka ba? Tana nan tana kwas ɗinta na jinya, ko sau ɗaya ba ta ɗaga min hankali ba."

Aka fara bugun ƙofa da ƙarfi. Auta ya sunkuyar da kai.

"Ba ni suka zo ɗauka ba."

Sai labulen ɗaki ya ɗaga. Yayar ta fito cikin kaki, jaka a kafaɗa.

Saje ya dube ta. "Ke? Wa ya sa miki wannan a rai?"

Ta durƙusa a gabansa.

"Kai, Baba. Duk sanda kake ba Auta labarin fagen fama, barci yake yi. Ni ce nake saurare a bayan ƙofa."