Layi na Goma Sha Bakwai

Raliya ta ɗora jakarta a cinya, ta danne ta da gwiwar hannu, sannan ta gaida mutumin da ke zaune a gabanta. A cikin jakar akwai littafi mai baƙin bango. A cikin littafin kuwa akwai sunayen mutum arba'in da ɗaya da suka yi mata magana bisa alkawarin ba wanda zai taɓa sanin su.

Digiri na uku take yi a wata jami'a a nan Guangzhou. Aikinta shi ne tattara bayanai kan yadda 'yan sanda da 'yan sa-kai na jiha ke aikin tsaro a rugagen Dajin Tsamiyar Biri, ƙasar da Fulanin wurin suka gada kaka da kakanni. Wata huɗu ta yi bara tana bin ruga-ruga: wa aka kama, wa ya kama shi, ya dawo ko bai dawo ba. Waɗanda ba su dawo ba ta jera su a shafin ƙarshe, mutum ashirin da uku.

Da ta komo China sai ta riƙa zuwa unguwar Xiaobei duk Juma'a tana tambayar 'yan kasuwar da suka fito daga yankin, don baki ya fi sakewa idan mai shi ya yi nisa da gida. Nan da nan labarinta ya bazu. A benen Tianxiu, inda shagunansu suke, ko tari ka yi a hawa na biyu, sai an yi maka sannu a hawa na tara.

Hajiya Mas'uda mai tuwo ce ta kira ta, ta ce wani mai lodin kwantena da ake kira Alhaji Lukman yana son ganin ta bayan an sauko daga masallaci. Shekararsa shida a garin, amma ba wanda ya san garinsu.

Ga shi yanzu a gabanta a shagon Hajiya, ya zaɓi kujerar da ke fuskantar ƙofa. Zafin Yuli yana dafa mutum da ransa, shi kuwa ya rufe hannun rigarsa da maɓalli har wuyan hannu. Bai taɓa shayin da aka ajiye masa ba.

Bai jira tambaya ba ya fara. Ya faɗi lokacin da ake canjin masu gadi a ofishin 'yan sandan yankin. Ya ce sel ɗin tsare mutane uku ne, na tsakiya ba shi da taga, ƙofarsa kuma sai an ɗaga ta da ƙafa take rufuwa. Ya kira sajan ɗin wurin da laƙabin da ba a faɗa sai a bayan idonsa. Ya san ranar da 'yan sa-kai suka kawo mutum tara a bayan mota aka karɓi bakwai a rubuce.

Raliya ta ƙara danne jakar. Ɗan kasuwa ba ya sanin irin waɗannan. Sai wanda ya yi aiki a ciki. Tsoro ya kama ta, ba don kanta kaɗai ba. Kowa a littafin nan yana kwana a bukkar da ashana ɗaya ta ishe ta.

Sai ya gangaro kan abin da ya kawo shi. Ya ce ya ji akwai wani a jerin matattunta da ba a mayar wa danginsa gawa ba, wanda wani kofur ya rubuta cewa ya cika a hanya. Kofur ɗin yana bakin aiki har yau, in ji shi, yana da 'ya'ya shida, kuma duk ranar da aka tono maganar nan, kashinsa ya bushe.

To, ga inda aka dosa, Raliya ta ce a ranta. An zo rufa wa abokin aiki asiri.

Layi na goma sha bakwai ne, ta san shi ba sai ta duba ba. Wata tsohuwa ce ta ba ta labarin tana damun fura, idonta a ƙwarya. Ta faɗi rana, ta faɗi launin motar, ta faɗi shanun da aka kora. Suna ne kawai ta ƙi faɗa, Raliya ta yi juyin duniya, sai dai ta ce "wancan". Haka gurbin ya zauna babu komai.

"Wa ya ba ki labarinsa?" mutumin ya tambaya.

"Ba na faɗin wannan, Alhaji."

"Mace ce?"

Ta auna tazarar da ke tsakaninta da ƙofa. Hajiya Mas'uda tana can ciki tana faɗa da mai kawo mata gas, ba mai jin kowa.

"Tana tafiya da ƙafarta? Tana gani?"

Raliya ta miƙe, jakar a ƙirjinta. Ta ce masa ko wuƙa zai sa mata, ba zai ji komai game da shaidunta ba, kuma idan an turo shi ne ya koma ya ce bai samu ba.

Bai tashi ba. Ya dube ta ya ce madalla, haka yake so ta amsa wa duk wanda ya tambaye ta. Ya miƙa hannu zai ɗauki shayin, hannun rigar ya ja baya kaɗan. Wani tsohon tabo ya zagaye wuyan hannun kamar awarwaro.

"An ce mini kin bar gurbin sunan ba komai. Ki bar shi haka, saboda kofur, shi ya kwance ni a hanya," ya ce a hankali. "Kuma kada ki ga laifin tsohuwa, ɗan fari ne. Shekara talatin ina gabanta kunya ba ta bar ta ta kira sunana ba, balle yanzu da ta yi mini sadakar arba'in."