Tukunyar Mama Ba Yaji

Baba ya sake ture kwanon.

Tun ina yarinya tukunya biyu ake ɗorawa a gidanmu. Tasa yaji kamar wuta, ta Mama kuwa ko ƙamshin barkono babu, saboda gyambon ciki. Kullum yana tsokanarta da "abincin asibiti", amma ba ya kai loma sai ya ɗanɗana nata, ya tabbatar ba a haɗa musu ludayi ba.

Tun da ciwo ya kwantar da shi ya daina ci. Na ƙara yaji, na rage, duk a banza. Na tsaya riƙe da ludayi, na rasa abin yi.

Mama ta karɓi kwanon, ta zauna kusa da shi. "Haba Malam, ko loma ɗaya."

Ya lasa, ya girgiza kai, sannan ya dube ta cikin ladabi.

"Baiwar Allah, kin iya girki. Amma wannan da yaji, matata ba ta iya ci. Ina nata kwanon? Har yanzu ban gan ta ba. Ba zan ci ba sai ta dawo."