Direban da Ya Yanke Salansa

Wana Ɗanjuma, bakaniken da ya shekara talatin yana kwanciya ƙarƙashin motoci a Gusau, shi ya fara ba ni wannan labari, ranar da ya zo gidana ya tarar ina zazzaga wa yara faɗa, tun daga zaure ake jiyo ni. Sai da ya sha ruwa ya huta, sannan ya ce in zauna.

Ya ce an yi wani direba mai tsohuwar gingimari, irin mai injin nan na da, silinda takwas, huɗu dama huɗu hagu, kamar an ware yatsu biyu. Motar ta girmi ɗansa na fari, amma ba ta taɓa kwanar da shi a hanya ba. Allurar da ke nuna baƙin mai ta daɗe da mutuwa, kunnensa ne ma'auni. In mai ya yi ƙasa, akwai wani ɗan ƙas-ƙas da take yi ta hagu, kamar kaza na tsattsagar gero a faranti, da ya ji sai ya tsaya ya ƙara mata. Abu ɗaya ke cin ransa: in ya shigo tasha ba mai ɗaga kai, alhali waɗanda suka fara tuƙi jiya tun daga kan gada ake sanin sun iso. Sai ya je wurin mai walda, ya ce a yanke tukunyar salansa, a ja wa kowane ɓangare bututunsa miƙe. Mai walda ya ɗage tabarau ya ce, "Maigida, yankewa ba wuya. Amma ran da ta yi maka magana, da wane kunne za ka ji?" Ya ce shi dai a yanke.

Ai kuwa ta yi murya. In ya taka ta, tantabarun tasha sai su watse, masu shayi su miƙe suna masa kirari. Sati uku yana jin daɗin abinsa. Ran nan ya ɗauki tumatir na mutanen ƙauyensu, noman rani guda, ya nufi kudu. Da rana tsaka motar ta fara ƙas-ƙas ɗinta, ta yi ta yi, rugugi ya danne. Bai ankara ba sai inji ya buga. Kwana uku a daji, tumatir ya narke yana ɗiga ta ƙasan bodi, shi kuma yana zaune gindin taya, ga shiru har ya yi yawa.

Washegarin zuwan Ɗanjuma na kama bakina. Ina dama koko ban ce wa kowa kanzil ba, a nan na jiyo numfashin autata yana fita da wani siririn fito, Allah kaɗai ya san kwana nawa yana yi. Na goya ta sai asibiti. Ita ce uwarki, ke da kike cika gida da ihu don a san kina nan. Ba banza ba Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.