Goɗiya Mai Lalle a Kan Iyaka

Kai da kake ce mini cike takardu ɓata lokaci ne, gyara zama ka ji abin da ya sami Jatau.

Jatau mai kula da barga ne, shekara talatin yana yi wa dawakin ubangidansa hidima. Rannan ubangidan ya yi wa wani amininsa na ƙasar waje kyautar goɗiya, ya ce Jatau ne zai kai ta. To, fitar da doki waje ba kai akuya kasuwa ba ne. Sai an yi allura, an ɗebi jini, an jira sakamako, an nemo izinin fita da na shiga, kuma kowace takarda da ranar mutuwarta. Kafin ka samo ta huɗu, ta farko ta fara shure-shure. Wata biyu bawan Allah yana zarya ofis-ofis har takalminsa ya tsinke. Akwai kuma takardar kamanni, wadda likitan dabbobi yake zana doki a kai ya nuna alamominsa. Likita ya rubuta cewa ja ce mai fararen ƙafafu uku, ya ɗauko hatimi. Jatau, wanda bai iya karatun boko ba, ya dafe gefen takardar ya ce da saura. Sai da ya sa aka zana inda gashinta ya murɗe a ƙarƙashin geza, da wani murɗin a ƙirji, da tabon ƙaya a bayan kunnen hagu. Likita na tsaki, mutanen da ke layi suna ta tsiya: "Baba, doki za ka fitar ko amarya za ka kai?" Ko kallonsu bai yi ba.

Ashe bakinsu ya kama. Ana gobe tafiya, Jatau ya fita karɓo hatimin ƙarshe. Hajiya, mahaifiyar ubangidan, wadda ta saba ba goɗiyar kanwa da hannunta, ta ce ba za a kai ta baƙunta da ƙafa ba ado kamar marainiya ba. Ta sa aka kwaɓa lalle aka ƙunsa mata. Jatau ya dawo ya tarar da fararen ƙafafun nan sun yi jawur. Amma wa zai yi wa tsohuwa faɗa a kan ƙauna? Ya durƙusa ya yi godiya. Ya wanke, ya dirje, lalle ya ce yana nan. Takardu kuwa ba sa jira, dole aka kama hanya.

Kwana huɗu suna cikin mota kafin su kai iyaka. Goɗiya ta rame, ta daina taɓa harawa, takardar jini kuma ranar take mutuwa. Jami'in da ke bakin shinge ya dubi takarda, ya dubi ƙafafu, ya ce, "Baba, nan an rubuta fari, ni kuwa ja nake gani. Ba ita ba ce, ku juya." Gaskiyarsa, don ana musanya dawaki a hanya. Jatau kuwa ya san in aka juya da ita wasu kwana huɗun, gawarta zai sauke a ƙofar barga. Tsoro ya kama shi ƙwarai, amma bai yi rantse-rantse ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, lalle ne. Kada ka yarda da bakina, duba zanen." Ya ɗaga geza, ga murɗin gashi. Ya shafa ƙirji, ga na biyu. Ya lanƙwasa kunnen hagu, ga tabon ƙaya daidai inda likita ya ɗiga alƙalami yana tsaki. Jami'i ya gwada alamomin da zanen ɗaya bayan ɗaya, sannan ya buga hatimi, ya ɗage shinge da kansa. A tsallake Jatau ya sauke ta a inuwa ya ba ta ruwa, ta sha, ta miƙa wuya ta fizgi harawa, da lallenta da komai.

Wallahi mutumin nan yana burge ni. Bai san za a ƙunsa lalle ba ranar da ya dafe takarda ana yi masa dariya, ya dai ƙi barin aiki rabi ne. Saboda haka ɗauki takardunka ka koma layi. Hausawa sun ce kayan sammako, da maraice akan ɗaure shi.